Birgin da Ba a Gyarawa

Kawu Alfari bai taɓa wuce Dosso ba sai bara, kuma ni na jawo wa kaina ɗaukarsa. Ni direban babbar mota ne, ina lodin doya da gari da abarba a Gaya in kai Agadas. Ƴarsa Salima ta samu aiki a can, a wani ƙaramin gidan tarihi cikin tsohon gari, aka ce za a gwada ta wata uku kafin a tabbatar da ita. Tun da ta tafi ya hana ni sakat a tasha, wai sai ya gani da idonsa wane irin aiki ne wannan na gadin tsofaffin kaya.

Masunci ne na Tunuga, ya haura shekara hamsin a kan ruwa. Akwai hali ɗaya da duk bakin gulbi suka san shi da shi: ba ya iya ganin raga a yage ya wuce. Ko ta abokin gabarsa ce zai tsuguna ya gyara, sannan ya tashi ya ci gaba da gabarsa. Allurarsa ta katako tana cikin hula, ƙullin zare a aljihu, ko masallaci za shi.

Kwana uku muka yi a hanya. Daga Tawa zuwa gaba bai ƙara yi mini wata magana ba sai ta ruwa. Duk garin da muka wuce sai ya leƙa ta taga ya ce, "Habibu, su wanga mi suka sha?" Na ba shi amsa sau huɗu, daga nan na ƙure rediyo.

Salima ta tarbe mu da murna, washegari da safe ta zaga da mu gari. Ta kai mu wurin maƙeran azurfa, Kawu ya juya zobe biyu ya tambayi maƙerin ko yana ƙera ƙugiya. Ta kai mu doguwar hasumiyar ƙasa ta babban masallaci, muka hau ta wata ƙuntatacciyar matakala wadda ni da tumbina sai da na bi ta a karkace. Da muka kai ƙoli, gari duka ja a ƙarƙashinmu, duwatsu can nesa, ni kaina sai da abin ya burge ni. Kawu kuwa ya kare ido da hannu, ya duba gabas ya duba yamma, ya ce, "To, ina gulbinsu?"

A ƙofar gidan tarihin Salima ta tsaya ta kama hannunsa. A wannan makon gwajinta zai ƙare, kuma shugabar wurin, Madam Kadija, mace ce da ba ta ɗaukar wargi. An ce ta taɓa sallamar mai shara don ya goge wani tsohon takobi har ya yi ƙyalli.

"Baba, don Allah, a nan ba a taɓa komai," in ji Salima. "Ido kawai."

"Ni yaro ne? Mi zan taɓa cikin tarkacen mutane?"

Ya bi mu ɗaki ɗaki, hannuwa a baya. Siradan raƙuma ba su dame shi ba, haka kantun gishirin Bilma da garkuwar fata. Sai da aka nuna masa ƙashin wani ƙaton kifi da aka tono cikin rairayi, Salima ta ce shekaru dubbai da suka wuce duk hamadar nan tafki ce, sannan ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya girgiza kai ya ce lallai mutanen nan akwai sakaci, ruwa guda a hannunsu suka bari ya tafi.

Muna cikin haka ɗaliban wata lakwal, wato makaranta, suka shigo, su wajen arba'in, Madam Kadija ta kira Salima ta yi musu bayani, ita kuma ta bi bayansu da littafi a hannu tana sauraro. Ni ma mai kaya ya kira ni a waya, na fita tsakar gida. Mai gadi ya miƙo mini shayi, na farko ya jawo na biyu, na biyu ya jawo na uku. Ni ne babban mai laifi, ban musa ba, don na san halin kawuna kuma na bar shi shi kaɗai kusan awa guda.

Akwai wani ɗaki a ƙurya da aka ware wa mutanen gulbi. A can na same shi. Ya tuɓe takalma, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa, ya saƙale wani tsohon birgi a babban yatsansa kamar yana gindin mangwaro a Tunuga. Birgi ita ce ragar nan da ake wurgawa daga cikin jirgi, mai dalma a baki. Wannan ta zaren auduga ce, ta yi baƙi don tsufa, an rubuta a jikin bango cewa ta kusa shekara ɗari. Da tana da ɓaraka mai faɗin faifai a tsakiya. Yanzu babu ɓaraka, sai wani kyakkyawan faci na zaren nailan kore shar, ana hango shi tun daga ƙofa.

"Kawu! Me ka yi?"

"Sauran idon raga shidda," ya ce, bai ko ɗago kai ba. "Diba hwa, Habibu. Baƙi na shigowa suna ganin raga yage, kuma ɗiyata na aiki nan. Mi za a ce da mu?"

Kafin in buɗe baki ɗalibai suka cika ƙofa, Salima a gaba tana cewa, "Nan kuma ɗakin…" Maganar ta maƙale. Na ga fuskarta ta sauya, ta dafa bango. Wallahi na ji tausayin yarinyar nan har cikin raina, don na san irin wahalar da ta sha kafin ta samu wannan aiki. Madam Kadija ta ratso ɗalibai, ta dubi ƙusar da ake rataye ragar, babu komai a kanta, ta dubi yatsan ƙafar Kawu.

"Wane ne wannan?"

"Babana ne, Madam," in ji Salima da ƙyar.

Kawu ya gaishe ta da fara'a, ya ɗaga aikin ya nuna mata, ya ce kada ta damu, shi ba ya karɓar ladan gyara a hannun mutanen ƴarsa. Ya ƙara da cewa dalma uku sun zube, in ya dawo zai taho da su.

Aka kora ɗalibai waje suna ƙyaƙyata dariya. Madam ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce masa a gidan nan ɓarakar ma kayan tarihi ce, yadda abu ya zo haka ake ajiye shi. Kawu ya dube ni don in fassara, alhali da Hausa ta yi maganar. Na maimaita masa, ya ce ya ji tun farko, hankalin abin ne bai kama ba.

"Salima ce ke da alhakin ɗakin nan," in ji Madam. "In ragar ta koma yadda take, zare ko ɗaya nata bai tsinke ba, za mu yi magana. In ba haka ba, ku koma Gaya tare."

Ta aiko da foton ragar na da, aka ajiye a gabansa. Kawu ya dubi foton, ya dubi facinsa, ya dubi Salima wadda ke tsaye tana share ido da bakin gyale. Ya nemi a ba shi wuƙa, Madam ta ce babu wuƙa, da hannu zai kwance.

Mutumin da ya ɗaure ƙulli fiye da ɗari cikin awa ɗaya, sai da ya kai har la'asar yana kwance su. Ƙullin Kawu ba na kwancewa ba ne, da shi yake taƙama a bakin gulbi. Ya sa farce, ya sa bakin allura, ya kai haƙori Madam ta yi gyaran murya ya janye. Ni ina riƙe da foto, yana tambayata, "Nan ma yage yake?" in ce eh, ya yi tsaki ya ci gaba. Dariya na cina tun da fari, amma da na ga zufa na ɗiga daga gemunsa, sai ta koma ciki.

Da ya gama, Madam ta sa tabarau ta bi ɓarakar zare bayan zare tana haɗawa da foton. Ta ɗauki lokaci. Sannan ta rufe littafinta ta ce wa Salima ta rataye ragar da kanta, kuma ranar Litinin ta zo da wuri, akwai takardar tabbatar da ita a aiki da za ta sa wa hannu.

Kawu ya tattara guntayen koren zarensa ya zuba a aljihu, ya sa takalma. Ya fita ɗakin da baya-baya kamar mai barin majinyaci. A bakin ƙofa ya tsaya ya kira ƴarsa.

"Salima, kullum ta Allah za ki riƙa ganin ɓarakar ga?"

"Kullum, Baba."

"Kuma ba ki taɓa ta?"

"Ba zan taɓa ba."

Ya kalli yatsunsa, farce biyu sun fashe suna tsatsar jini.

"To aikinki ya hi nawa wuya," ya ce. "Ki riƙe shi da kyau, ɗiyata."