Sunan Ɗan Fari

Shekara takwas ke nan da gama yaƙin duniya da aka gwabza a ƙasar Bama, kuma Hamsatu ba ta taɓa fashin zuwa filin da ake tunawa da sojojin Bauchi da suka mutu ba. Duk watan Nuwamba takan ajiye ƙwaryar nononta a gindin durumi, ta tsaya bayan igiya, akawu yana karanto sunaye. Na ɗanta ba ya ciki.

Istifanus, tsohon kofur mutumin Bogoro, shi ya kawo mata labarin rasuwar. Tare Japanawa suka kama su, tare suka fasa dutse a sansanin fursunoni, kuma a kan cinyarsa yunwa da zazzaɓi suka ƙarasa yaron.

A bana ya raka ta wurin akawun tun da sassafe.

"Malam, ga mahaifiyar wanda na gaya maka," in ji Istifanus.

"Kofur, ka fi ni sanin ƙa'ida. Wannan jerin na waɗanda suka faɗi a fagen daga ne. Wanda aka kama, an rubuta ya ɓata."

"Ya ɓata? Akuya ce? Da hannun nan na haƙa masa kabari."

Akawu ya juyo wajenta. "To, Inna, wane ne sunansa?"

Hamsatu ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, Bafulatana kuwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun da ta haife shi a ruga, "wancan" take ce masa, har ranar da motar soja ta tafi da shi. Istifanus ya buɗe baki zai faɗa, akawu ya ɗaga masa hannu.

"Ka gani? Uwar ma ta kasa." Ya naɗe takardarsa.

Da ƙarfe goma sha ɗaya aka gama karanta sunaye, aka busa ƙaho. Turawa suka cire huluna, fili ya yi tsit, domin minti biyu ne na girmama matattu, ko tari ba a yi. Hamsatu ta ɗaga igiyar ta shiga.

"Hammajoda," ta ce. Sai ta maimaita da ƙarfi. "Hammajoda ɗan Bakari. Ni na haife shi. Bai ɓata ba, mutuwa ya yi a hannun maƙiya."

Matan rugarsu da ke bayan igiya suka toshe baki. Istifanus ya buga ƙafa ya ƙame, wasu tsofaffin sojoji uku suka bi shi.

Wani ɗan doka ya matso da sandarsa, yana magana ƙasa-ƙasa. "Inna, ki yi haƙuri ki koma baya. Manya na kallo."

"Su kalla," in ji ta. "Ka gaya wa mai takardar ya rubuta. In bai rubuta ba, baɗi ma a nan zai ji."

Ba ta motsa ba sai da aka busa ƙaho na biyu.