Shekarun da Suka Rage wa Makanike

Wata tela tana da shekara hamsin da biyu lokacin da makaniken layinsu ya nemi aurenta. Babban ɗanta ya shigo shagonta, ya ajiye wayarsa a kan keken ɗinki.

"Mama, na sa shekarunsa da nauyinsa da hawan jininsa a wani shafin intanet. An ce shekara takwas suka rage masa. Jinya kawai za ki je yi."

Ta cire tabarau.

"Wa ya gaya maka hawan jininsa?"

"'Yarsa na tambaya."

"Har bincike ka yi, kamar mai sayen tsohuwar mota? Mahaifinka ko ciwon kai ba ya yi, ya fita da safe aka dawo mini da gawarsa. Shekara goma sha ɗaya ina cin abinci ni kaɗai, wannan ba ka taɓa lissafawa ba. Ɗauke wayarka daga kan kayan mutane."

Kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa ba. A na huɗu ta aika masa ranar auren, ta ce in ya ga dama ya zo.