Rassan Lemun Sabiru

Shekara biyar kafin Turawa su tafi, mahaifinmu ya rasu ya bar mana lambu a bakin gulbin Bunguɗu, da itatuwan lemu bakwai. Aka raba: huɗu nawa, uku na ƙanena Sabiru, mai dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgin Gusau. Shi bai san komai game da lemu ba sai sha.

Da bazara na ga garin itace yana zuba a gindin nasa ukun. Tsutsa ce ta huda reshe tana ci daga ciki. Ƙwarin ganye toka na kashe su, ko ruwan taba da barkono. Ta ciki kuwa ba abin da ke kai gare ta. Sai a sare reshen ƙasa da ramin, a shafe wurin da kashin shanu, a ƙone abin da aka sare a ranar. In aka bar shi, ta yi fiffike ta bi sauran.

Ban aika masa ba. Laifina ke nan, ban taɓa musu ba. Na sa adda na rage itatuwansa ukun har iya kafaɗa, na tara rassan. Ina cusa ciyawa ƙarƙashinsu sai ga shi, ashe ranar ya zo gida.

"Yaya Idi, mi nika gani haka?"

"Tsutsa ce. Matsa in sa wuta."

"Ashe tsutsa ta san rabon gado? Ta tsallake huɗunka ta zaɓi nawa?"

"Tsaga reshe guda ka duba."

"Alƙali za ya tsaga. Ba mai taɓa iccen ga sai an gani!"

Na ƙyasta ashana, amma ban kai ga sa wutar ba. Ya finciko reshe mai ƙaya ya zabga mini a fuska, kumatuna ya tsage. Na rungume shi muka faɗa cikin albasa. Ya shaƙe ni har na daina ganin rana. Hannuna ya taɓa ƙwaryar ruwan barkonon da na jiƙa don tumatir, na watsa masa a ido. Ya kurma ihu, ya lalubo addar, yana sara ba ya gani. Na sa hannun dama na kare kaina. Yatsu uku suka faɗi cikin laka.

Gambo, maƙwabcinmu a lambu, ya sheƙo daga bakin jigonsa na ban ruwa ya kwantar da Sabiru da sanda a ƙeya.

Dagaci ya ce kada a taɓa rassan sai muhuti, mataimakin alƙali, ya zo ya gani. Daga gadon asibiti a Gusau na aika wa matata Huseina ta ƙone su ko da za a ɗaure ta. Ta je da wuta, ta tarar da Sabiru zaune kan tarin, ido jajur, da mashi a cinya.

"Koma gida, matar yaya. Kada ki sa in ƙara."

Kwana arba'in da biyu kafin muhuti ya iso. Na dawo a lokacin, hannu naɗe da tsumma. Ya tsaga reshe, ya tsaga wani. Ramuka ne fayau, ba komai a ciki.

"To, ina tsutsar?" in ji Sabiru, yana duban mutane.

Gambo ya matso. Ya kama shi a wuyan riga, ya ja shi gindin itatuwana, ya nuna masa ƙasa. Garin itace ne a ƙarƙashin dukan huɗun, wani yana kan zubowa.

Na ɗauki addar da hagu, ta ƙi zama. Na jefa ta gaban Sabiru.

"Sare. Ƙasa da ramin, ba samansa ba."

Ya yi ta sara har la'asar, ina tsaye a kansa, ya shafe, ya sa wuta da hannunsa. Biyu daga cikin nawa tsutsar ta riga ta kai gangar jiki, suka bushe kafin kaka. Nasa ukun suka yi toho.