Shaidar Wuta a Kan Takarda

Tun hantsi Attahir yake zaune a bakin kasuwar Belbeji da takarda a cinya. Azahar ta wuce, ko yatsa ɗaya bai samu ba.

Audi direba ne ya kawo takardar daga Kano, daga hannun ƴan sandika, wato ƙungiyar masu motoci. Koke ne a kan bam ɗin da Faransa take gwadawa a hamadar arewa. Leburori a Ankara ta ƙasar Gana sun sa hannu, masu tashar jirgi a Legas sun sa. Audi ya ce: su da ke nesa sun yi magana, ku da kuke shan iska ɗaya da wurin fa? Da la'asar motarsa za ta juya kudu, da sa hannun mutanen wannan ƙasa ta Damargu ko babu.

Attahir ya bar lakwal, makarantar boko, a Damagaram, yanzu wasiƙu yake rubuta wa mutane. Kowa ya saurare shi, kowa ya ce gaskiya ne. Amma da ya miƙa tawada sai hannaye su shige aljihu.

Gajere, shugaban masu haƙar rijiya, ya tsuguna gabansa yana tauna goro.

"Ɗan lakwal, ka ga yatsan nan? Sau ɗaya na dangwala shi. Wata bakwai na yi ina fasa dutse a hanyar Agadas."

"Baba, wancan aikin dole ne. Wannan na mutane ne irinmu."

"Sun san ni?"

"Ba su san ka ba."

"To baƙin tabo zai gaya musu ko ni wa? Ko akuyata ta taka tawada haka zai fito."

Kaltuma mai fura ta tuntsure da dariya. "Kawo akuyar mana, ta fi ka zuciya."

Gajere bai kula ta ba. Ya daɗe yana kallon arewa. Sannan ya tambaya ko gaske ne ƙurar bam ɗin tana iya sauka a ciyawa da ruwa. Attahir ya ce haka masu ilimi suke tsoro, shi bai gani ba.

Tsohon ya karɓi alƙalami, ya riƙe shi kamar tsinke. Ya ja layi biyu, ya gicciya ɗaya, ya ɗiga a ƙasa. Shaidar da gidansu ke yi wa raƙuma da wuta ce.

Attahir ya ce, "Baba, yatsa ba mai gane shi a nan. Wannan kuwa kowane jandarma daga nan har Tanut ya san na wane ne."

"Shi ya sa."

Idrisa na Gangara ya matso, ya zana tasa. Wani Buzu ya sauke takobi ya zana. Kaltuma ta ce tumakinta tsagar kunne gare su, sai ta zana kunnen ɗungum. Kafin a kira sallah takardar ta cika, kamar garken da ya taru a bakin rijiya.

Audi ya danna ham. Attahir ya duba: shi ba raƙumi, ba tunkiya. Ya tuna shingen jandarma uku da ke tsakaninsu da iyaka. A ɗan wurin da ya rage ya rubuta sunansa, da na ubansa, da garinsu, ya hura tawadar ta bushe, ya miƙa ta tagar mota.