Ƙyallen Asabar

"Miƙo mini takalmana, comadre. Ina kallonki sanda kika tura su ƙarƙashin gado da ƙafa."

Gaskiyarta, na tura. Na ce mata yau Juma'a ce, ba Asabar ba. Ta sauko da ƙafa ɗaya, ta mayar. Ta jawo bargo, ta ture shi. Kwana huɗu ke nan Doña Otilia ba ta iya minti biyar a kan gefe ɗaya, tun da likita ya ce wa 'yarta Nelida ta mayar da ita gida, asibiti ya yi iyakar nasa.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, shekara talatin da takwas. Ita ta riƙe ɗana Fidencio ranar baftismarsa, shi ya sa muke ce wa juna comadre.

"To tunda kin tsare ni, ɗauko biro."

Na ɗauko. Sai da na haura hamsin na shiga ajin manya, har yanzu rubutuna tafiyar tsohuwa yake yi, amma tun da hannunta ya fara rawa ni ce marubuciyarta.

"Rubuta: Mai girma shugaba, ni ce dai, tsohuwar nan ta Xalapa a ƙasar Meziko. Har yanzu ba ka ba ni amsa ba a kan bama-baman da kake ɓoye."

"Wane shugaban a cikinsu?"

"Duk su taran masu bam ɗin nukiliya. Sai ki kwafa. Ko kina da wata unguwar zuwa?"

Ba mu kai ƙarshen wasiƙar ba. Hankalinta ya koma kan kujera, inda ƙyallen yake ninke.

Kowa a garinmu ya san ƙyallen nan. Fari ne, tsawonsa taku biyar, an rubuta da jan fenti: IYAYE MATA BA SA SON NUKILIYA, BAM KO TASHA. Shekara ashirin da shida ana ɗaga shi a matakalar babban coci, kowace Asabar, daga sha biyun rana zuwa ƙarfe ɗaya. Da suka fara, lokacin da ake gina tashar nukiliya can bakin teku, sun fi mata ɗari biyu. Wasu sun gaji, wasu mazajensu sun hana, wasu sun mutu. Saura biyu: Otilia da Malama Crisanta, tsohuwar malamar firamare. Kuma suna da doka: ba a ɗaure ƙyallen a jikin ƙarfe, ba a shimfiɗa shi a ƙasa. Uwa a wannan gefe, uwa a wancan. Asabar ɗaya ba ta taɓa wucewa ba su ɗaga shi ba. Ko makon jiya a keken guragu aka kai Otilia.

Ni aikina guga. Kowace Juma'a nakan goge shi, in ninke, in miƙa ta kan katanga. Amma ban taɓa tsayawa da su a matakalar ba. Fidencio walda yake yi a tashar nan, shekara sha tara, da ita ya yi aure, da ita yake ciyar da 'ya'ya uku.

"Matso," in ji ta. "Nelida so take ta lulluɓe ni da shi a binne mu tare. Na ji ta a waya, ta ɗauka barci nake. Kar ki bari. Ba likkafani ba ne."

"Ni wace ce da zan hana 'ya abin da take so da uwarta?"

"Ke ce mai guga. Kin fi ta sanin ƙyallen." Ta yi tari, ta kama hannuna. "Ban ce ki tsaya ba, Hermelinda. Ban taɓa ce miki ba. Ki dai kai wa Crisanta."

"Wa zai riƙe mata ɗaya gefen?"

Ta juya fuskarta bango. Ƙafafunta dai ba su daina motsi a ƙarƙashin bargo ba.

Washegari da safe ina ɗora ruwan gahawa na ji kukan Nelida ta cikin katanga. Na kashe wuta, na zagaya.

Kafin sha ɗaya an kwantar da ita a kan tebur a tsakiyar falo, ana jiran akwati. An zana gicciye da farar ƙasa a ƙarƙashin teburin, an kunna kyandir huɗu. Maƙwabta sun cika ɗakin, wasu da furanni, wasu da burodi. Fidencio yana ta shigo da kujeru daga gidana. Da na fito daga kicin da tire, sai na ga Nelida ta ninka ƙyallen biyu ta rufe uwarta da shi daga ƙirji zuwa ƙafa.

Na ajiye tiren. Na ɗauka. Na sake ajiyewa. Na leƙa agogo: sha ɗaya da kwata.

A lokacin Malama Crisanta ta shigo da sandarta, cikin farar rigar da takan saka ranar Asabar. Ta sumbaci goshin Otilia, ta ce mata, "Kin gudu kin bar ni, munafuka." Sannan ta ga ƙyallen. Ta zauna a bakin kujera, tana buga sandar a ƙasa a hankali.

Sha ɗaya da rabi. Ni ba mai magana cikin taro ba ce. Ko a ajin manya sai an kira sunana sau biyu. Amma na tsinci kaina a gaban Nelida.

"'Yata, ƙyallen nan zan ɗauka."

"Ban gane ba, Doña Hermelinda."

"Ita ta ce. Jiya. Ta ce kar a binne ta da shi."

"Ta ce! Har ta mutu tana ba da oda!" Nelida ta ɗaga murya. "Kin san Asabar nawa ƙyallen nan ya cinye mini? Ranar aurena sai ɗaya da rabi ta iso coci, limamin cocin yana tsaye yana jira, ita kuma tana haki da fenti a hannu. Ta rubuta wa duniya wasiƙa dubu, wa ya amsa mata? Tasha tana nan, bama-bamai suna nan. Su tafi tare, a huta!"

Wata tsohuwa daga ƙarshen layi ta ce, "Kuma comadre ba ta barin gawa ba a yi addu'ar farko ba. Abin kunya ne."

"Na sani," na ce.

Na cire mayafina, baƙin nan da nake zuwa coci da shi. Na ɗage ƙyallen daga ƙafafunta zuwa sama, ina ɗagewa ina shimfiɗa mayafin, don kar a ga ta a buɗe. Nelida tana tsaye, ba ta riƙe ni ba.

"In ya fita gidan nan," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa, "kar ya sake shigowa."

"Ba zai shigo ba. A gidana zai riƙa kwana."

Mun fito ana yayyafi. Saura minti ashirin, hanya kuma hawa ce, ga Malama Crisanta da sanda. Ba mu kai kwanar mai burodi ba sai ga motar Fidencio a gefenmu.

"Ku shigo, kafin a yi mini gawa uku a rana ɗaya."

Muka shiga. Yana tuƙi yana ƙwanƙwasa sitiyari da yatsa.

"Mama, kai mata kawai za ki yi, ko?"

Na gyara ƙyallen a cinyata.

"Yau 'yan jarida za su zo, tunda ta rasu. In hotonki ya fito, ranar Litinin kowa a wurin aiki ya gani. Kuma ke ba ki taɓa shiga tashar nan ba. Ni nake ciki kullum. Lafiyarta ƙalau."

"Ban ce ka yi ƙarya ba, ɗana."

"To me ya sa?"

"Ƙyallen gefe biyu gare shi."

Malama Crisanta ta leƙo daga baya. "Fidencio, ni na koya maka lissafi. Biyu a ɗebe ɗaya, saura nawa? Ko har shi ka manta?"

Bai yi dariya ba. Bai kai mu bakin matakala ba, ya tsaya tsallaken titi, wajen masu wankin takalmi. Na ɗauka da mun sauka zai juya.

Ƙararrawa ta fara buga sha biyu muna kan matakala ta uku. Malama Crisanta ta jingine sandarta, ta kama gefenta, ta ce, "Ja baya. Ƙara. Kar ki bari tsakiyar ta taɓa ƙasa. Naɗe bakin a wuyan hannunki, in ba haka ba iska za ta ƙwace miki."

Shekara da shekaru ina goge shi, ban san yana da nauyi haka ba in ya sha ruwa. Mutane suna wucewa da laimominsu. Wasu suka kalle mu, yawanci ba su kalla ba. Wani dattijo mai sayar da jarida ya dubi gefen da nake, ya dubi fuskata, sai ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Wata budurwa ta ɗaga na'urar hoto. Na so in sunkuyar da kai, amma in na sunkuya ƙyallen zai sauka.

"Sha biyu da rabi ne ya fi ciwo," in ji Malama Crisanta ba tare da ta dube ni ba. "Daga nan hannun ya mutu, sai ki huta."

A tsallaken titi motar tana nan, injin a kunne. Ban iya ganin fuskarsa saboda ruwa. Abin goge gilashin ne kawai yake kai da kawowa, ya share, ruwa ya rufe, ya sake sharewa.