Tambayar da Ba a Yi wa Uba

Tun da annoba ta sa aka hana ɗalibai shiga ɗakunan majinyata, karatun likitancin Auta ya koma cikin waya. Malami ya yi ta zuba shi kaɗai, ɗalibai arba'in kowa ya kashe kyamara. Tana aji huɗu, amma wata biyar rabonta da taɓa hannun marar lafiya.

Majinyaci ɗaya ya rage mata, shi ma ba ya ba da haɗin kai: Baba. Kansar nan ta maza ce ta kama shi, wadda ke cin ƙululun da ke ƙasan mafitsara. Da sauran magunguna suka gaza, sai aka koma yi masa wani ƙarin ruwa duk bayan sati uku, mai zuga garkuwar jiki ta yaƙi ciwon da kanta. Bayan na biyu, likitarsa ta kira Auta a waya.

"Ke ce ɗalibar? To, garkuwar nan in ta harzuƙa, wani lokaci ba ta bambance baƙo da ɗan gida. Tana iya far wa hanji. Kullum ki tambaye shi sau nawa ya zaga, da jini ko babu. In abin ya yi yawa, ki kira ni nan take."

Auta ta ce to. Ta rubuta, har da jan layi biyu. Sai dai da wane baki 'ya za ta yi wa ubanta wannan tambaya?

Ta dai gwada. "Baba, ya... ya cikin?"

"Ciki lafiya lau, in ban da girkinki da ke neman ganin bayansa. Je ki yi karatunki."

Su biyu ne a gidan. Yaya yana wani gari, an rufe hanya. Da ta kira shi cewa ya yi, "Ai ke ce likita," ya ajiye. Kwana uku tana jin kukan ƙofar banɗaki ta bango, idonta a kan shafi ɗaya. Leɓen Baba ya bushe. Shayin ma ya daina shanyewa.

Ran na huɗu da hantsi ta ciro farar rigarta ta asibiti daga ƙasan akwati, duk ta yamutse. Ta saka, ta ɗaura takunkumin fuska, ta ƙwanƙwasa ƙofarsa.

"Sallama. Likita ce, daga asibiti aka turo ni."

Baba ya dube ta tun daga ka har zuwa silifas ɗinta na wanka. Can ya juya fuskarsa bango.

"Shigo, Likita."

"Malam, jiya sau nawa ka zaga?"

"Bakwai. Ko takwas."

"Da jini?"

"Tun shekaranjiya."

Ta matso kusa da shi. "To, yanzu za mu tafi asibiti."

"Na ji." Ya ja bargo. "Amma Likita, ina da yarinya a gidan nan. Don Allah kar ki gaya mata. Matsoraciya ce tun tana ƙarama, ga shi ba ta da wanda za ta yi wa kuka."

"Ba zan gaya mata ba."

Ta fito, ta ja ƙofar a hankali, ta jingina da bango. Ta danna lambar likitarsa. Wayar na ringi, ta cusa takunkumin a baki ta cije, don kada ya ji kukanta.