Abin da Nas Ta Faɗa a Kan Autanta

"Kashe wayar nan," in ji Yaya, ta miƙo hannu kan tebur. "Uwata ba abin gwajinku ba ce."

"Bar ta ta ɗauka," in ji mahaifiyarta daga kan gado. "Ni na kira su."

Nas muke ce mata a layinmu, don aikin jinya ta yi har ta yi ritaya, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata. A lokacin ciwon zuciya ya ci ƙarfinta. Ƙafafunta sun kumbura, an jera mata matasai a baya saboda ba ta iya numfashi a kwance. Yaya ce babbar 'yarta, ita ke jinyarta.

Ni da abokan karatuna biyu, Dogo da wata da muke kira Lauya saboda gardama, an ba mu bincike a jami'a kan yadda ƙungiyoyin masu tsattsauran ra'ayi ke jan matasa har su ɗauki makami. Mun yi makonni a tsakar gidanmu muna karanta rahotanni muna musu. Dogo ya kafe talauci ne, Lauya ta ce jahilci ne. Ashe Nas na jiyo mu ta taga, shi ne ta aiko mu zo. Kowa a layin ya san autanta ya bi irin waɗannan mutane tun shekarun baya, bai dawo ba, amma ba mai tayar da zancen.

"Ɗana bai taɓa kwana da yunwa ba," ta ce. "A makaranta kuma, kada ku ji haushi, da ya ba ku wahala."

Dogo ya yi dariya, ita ma ta murmusa, sannan ta tsaya ta maida numfashi.

Ta ce bayan rasuwar mahaifinsa ne yaron ya yi shiru. Ita tana asibiti, Yaya tana gidan miji. Sai ya sami abokai masu zuwa har ƙofa su ɗauke shi, masu sauraron duk abin da ya faɗa. Ya daina cin abinci tare da ita. Ya sauke hotunan da ke bangon falo. Ya fara yi mata gyara a komai, kamar shi ya haife ta.

"Na ga alamun sarai, kamar yadda nake gane zazzaɓi a idon yaro. Na je wurin kawunsa, ya ce ƙuruciya ce, za ta wuce. Na yi tunanin hukuma, na ji tsoron su tafi da shi in rasa inda yake. Na nemi wuri na uku, babu."

Lauya ta matso da kujerarta. "Mama, kina ganin shi ma zaluntarsa aka yi?"

"An yaudare shi, kuma da ƙafarsa ya tafi. Ku faɗi duka biyun. Wataƙila akwai uwar da shi ya sa ta kuka. Ba zan wanke shi ba, ba kuma zan ce ba ni na haife shi ba."

"Gobe a riƙa nuna gidan nan da baki," in ji Yaya. "Ina da 'ya'ya, Mama."

Na ce wa Yaya ba za mu sa suna ba, ko na layi, kuma sai ta saurari komai kafin kowa ya ji, abin da ta ce a cire a cire. Yaya ta daɗe tana kallona, sannan ta janye hannunta.

Mun ci gaba da zuwa da la'asar. Kullum maganar na raguwa, hutun na ƙaruwa, amma ba ta fasa tura Dogo ya wanke hannu kafin ya zauna ba. Zuwanmu na ƙarshe da kyar muke jin muryarta.

"Kun daina musun?" ta tambaya.

"Mun rage, Mama," in ji Lauya.

"Ragewa ma aiki ne."

Washegari da hantsi, Yaya ta gama goge mata fuska, ta fita zubar da ruwan. Kafin ta dawo Nas ta cika.

Bayan mako guda Yaya ta saurari hirar daga farko har ƙarshe. Abu ɗaya ta ce a cire, sunan wasan da uwar ke kiran yaron da shi.

Ranar gabatarwa ba mu tsaya kan talauci ko jahilci ba. Tambayar da muka kai ita ce: uwar da ta ga alamu, ina za ta je? Muka kawo abin da wasu wurare suka gwada, da abin da bai yi aiki ba. Malaminmu ya yi ta jefo tambayoyi, muka amsa ba inda-inda.

Da na dawo na leƙa gidan. Na tarar da Yaya a bakin famfo tana wanke zanen gadon mahaifiyarta. Ta miƙo mini gefe ɗaya.

"Sun saurara?"

"Sun saurara, Yaya."

"To, riƙe da kyau."

Muka murɗe shi tare, muka shanya a igiya. Ruwan ya riƙa ɗiga a kan siminti.